Araha Ba Ta Ado: Darasin Da Tanderun Gas Ya Koya Mini

Na daɗe ina jinkirin yin wannan rubutu, domin akwai laifina a cikin labarin, kuma ba kasafai mutum ke son tona asirin kansa a shafin jarida ba. To amma ganin yadda iskar gas ke ta shiga gidajenmu babu sallama, da kuma yadda 'ya'yanmu da ƙannenmu ke ta tururuwa zuwa ƙasashen sanyi neman ilimi da abin sawa a baka, sai na ga shirun ba zai amfani kowa ba. Idan har kunyar da zan ji za ta sa magidanci ɗaya tak ya tsaya ya yi tunani kafin ya damƙa aikin gas a hannun wanda bai san kan aikin ba, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

A watan Janairun 2023 na kai wa ƙanena ziyara a jihar Minesota da ke arewacin Amurka, inda ya daɗe yana aiki. Duk wanda yake ganin ya san sanyi don ya taɓa kwana a Jos ko Funtuwa cikin hunturu, to ina ba shi shawara ya dakata tukuna. A can sanyi kan sauka har digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, ruwan cikin bututu ya daskare ya fasa shi, numfashin mutum ya zama ƙanƙara a gemunsa. A irin wannan wuri na'urar ɗumama gida matsayinta ɗaya da na rijiya a ƙauyen da babu famfo: idan ta tsaya, rayuwa ta tsaya.

Ita wannan na'ura, wadda zan riƙa kira tanderu a wannan rubutu, girmanta bai kai na babban firji ba, kuma akasari a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake girke ta. Gas yana zuwa mata ta bututu daga kamfani kamar yadda ruwan famfo ke zuwa. Tana ƙona shi a cikin wani rufaffen akwatin ƙarfe, fanka kuma ta riƙa hura iskar gida ta bayan akwatin, iskar ta ɗauki zafi ta bi hanyoyin da aka shimfiɗa mata zuwa kowane ɗaki. Shi kuwa hayaƙin ƙonuwar yana da tasa hanyar daban, wato bututun da ke fitar da shi waje. Asirin abin gaba ɗaya shi ne kada iskar da ake shaƙa ta haɗu da iskar da aka ƙona. Duk ranar da suka haɗu, gida ya zama tarko.

Kwana uku da isata, tanderun gidan, wanda dama ya tsufa, ya mutu murus. Ƙanena ya kira wani kamfani mai lasisi, suka zo suka auna gidan, suka yanka masa kuɗin da idan aka mayar da shi Naira zai iya sayen fili a bayan gari. Ana cikin haka sai wani abokinsa ya haɗa shi da wani bawan Allah ɗan yankinmu na Afirka ta Yamma, wanda aka ce babu abin da hannunsa bai iya ba, daga fenti har gyaran mota. Mutumin ya ce zai kawo tanderu na hannu, ya haɗa shi a rana ɗaya, a kan kashi ɗaya bisa uku na wancan kuɗi. Sharaɗinsa guda ne: ba sai an je neman takardar izini daga hukumar birni ba, domin a cewarsa ɓata lokaci ne kawai.

Ƙanena ya same ni a falo ya ce, "Yaya, me ka gani?" Ni kuma, da girmana da furfurata da takardun karatuna, na kada baki na ce, "Kai dai mutanen nan sun cika son a biya su. Wannan ba ɗan'uwanmu ba ne? Ba shi ya yi, Allah na nan." Wannan ita ce mafi munin shawarar da na taɓa ba wani a rayuwata.

Mutumin ya cika alkawari. Kafin magariba gida ya ɗau ɗumi, muka yi ta sa masa albarka. Washegari na tashi da ciwon kai mai nauyi, na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne na taho da shi daga gida, na haɗiyi magani na kwanta. Matar ƙanena ta fara kukan jiri da tashin zuciya. Yara uku da suka saba cika gida da hayaniya suka yi lamo a kan kujera. Muka ce mura ce irin ta lokacin sanyi. Abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne, duk sa'ad da muka fita masallaci ko kanti sai mu ji sauƙi, da mun dawo gida kuma sai ciwon ya dawo.

A dare na uku, wanda ya fi sauran sanyi har tanderun ya kwana yana aiki babu tsayawa, da misalin ƙarfe 3, wata 'yar na'ura da ke manne a bango kusa da ɗakunan kwana ta ɓarke da ƙara. Ni na fara isa wurinta, kuma wallahi niyyata ita ce in zare batirinta mu samu mu yi barci. Sai na ji muryar matar ƙanena a bayana tana cewa, "Yaya, don girman Allah kada ka taɓa ta! Ku ɗauko yara mu fita." Ƙaramar cikinsu, 'yar shekara 4, sai ɗaukarta aka yi, domin ƙafafunta sun kasa riƙe ta. Muka fake a gidan maƙwabci, 'yan kwana-kwana suka iso, suka shiga gidan da abin aune-aunensu fuskokinsu a rufe, mu kuma aka kwashe mu zuwa asibiti aka sa mana iskar oksijin. Dokar jihar ce ta wajabta sanya irin wannan na'ura a tazarar da ba ta wuce ƙafa 10 daga kowane ɗakin kwana ba. Bayan ikon Allah, wannan doka da hankalin mace ɗaya su ne sanadin da ya sa yau nake riƙe da alƙalami.

Kamfanin gas ya rufe layin, ya rataya wa tanderun jar takarda, alamar haramun ne a sake kunna shi. Da ma'aikaci mai lasisi ya zo, sai ya kira mu ya nuna mana aibu uku. Na farko, bututun hayaƙi, wanda ƙa'ida ta ce ya riƙa hawa sama da aƙalla rubu'in inci a kowace ƙafa ɗaya, an bar shi ya lanƙwaso ƙasa, kuma wata mahaɗa tasa da ba a ɗaure da kusa ba ta zame. Na biyu, akwatin ƙarfen da ke cikin tanderun na hannu yana da tsaga siririya. Na uku, an kulle tanderun a wani ɗan lungu da babu kafar shigar iska. Ya ce jami'in birni da ya zo dubawa ba zai wuce na farko da na uku ba, na biyu kuwa na'urar gwajin hayaƙi da duba cikin tanderun ne ke tona shi, kuma babu ma'aikacin kirki da zai tattara kayansa bai yi su ba. Ƙarshen ta, ƙanena ya biya wancan kuɗi da muka guje wa, ya ƙara da na asibiti da na otal, ga asarar wanda ya riga ya bayar. Shi kuwa gwanin namu, wayarsa ba ta sake shiga ba.

Ya kai mai karatu, abin da nake son in tsaya a kai ke nan: haɗarin gas ba a jikin na'ura ya fi yawa ba, yana hannun wanda ya haɗa ta ne, da kuma idon da ya kamata ya duba aikin bayan an gama. Kafinta idan ya yi kuskure, ƙofa ce za ta ƙi rufuwa, kowa ya gani. Tela idan ya yi kuskure, riga ce za ta yi kaɗan. Shi kuwa mai haɗa gas, kuskurensa ba ya nuna kansa ranar da aka yi shi. Wuta za ta kama, gida zai yi ɗumi, a biya shi a yi masa godiya, aibun kuma ya kwanta yana jiran darensa. Saboda haka ma'aunin da muka saba auna ma'aikaci da shi, wato "ai ga shi yana aiki", ba ya cin kasuwa a nan.

Maƙiya biyu ne ke tattare da gas, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko shi ne yoyo, wanda ke haifar da fashewa. Gas ɗin bututu ya fi iska sauƙi, don haka sama yake tashi, kuma yana kamawa idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. Gas ɗin tukunya irin namu kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya bi lunguna da magudanai, kuma kimanin kashi 2 cikin 100 kacal ya ishe shi ya tashi da gida. Warin nan da muke ji idan gas na yoyo ba nasa ba ne na asali. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya zama mai gadi, kuma da rayukan yara aka sayi wannan dabara.

A ranar 18 ga Maris, 1937, a garin New London da ke jihar Teksas ta Amurka, wata makaranta ta yi bindiga ana dab da tashi. Makarantar tana ɗumama azuzuwanta ne da na'urorin gas 72, kuma 'yan watanni kafin nan hukumarta ta yanke hulɗa da kamfanin gas, ta sa aka jona mata bututu da layin rarar gas na wani kamfanin mai, domin ta huta da biyan kimanin Dala 300 a wata. Gas marar wari ya yi ta taruwa a ƙarƙashin ginin babu wanda ya sani, har ranar da wani malami ya kunna injin goge katako, tartsatsi ya tashi. Kusan mutum 300 suka halaka, akasarinsu ɗalibai. A cikin shekarar nan majalisar jihar ta wajabta sanya wa gas wari, ta kuma kafa dokar rajistar injiniyoyi. Dala 300 aka so a tsimi. Da na karanta wannan tarihi bayan abin da ya same mu, sai na ga ashe ni da hukumar makarantar nan jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Maƙiyi na biyu, wanda ya kusa gamawa da mu, ya fi na farko sharri, domin shi ba ya wari, ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Sunansa kabon monoksaid. Yana samuwa ne duk lokacin da aka ƙona makamashi, gas ne ko gawayi ko fetur ko kananzir, ba tare da isasshiyar iska ba. Idan aka shaƙe shi, yana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Ma'ana, mutum yana numfashi amma jikinsa yana shaƙewa daga ciki. Alamominsa kuwa su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, waɗanda duk Bahaushe zai fassara da zazzaɓi. Mai barci ba ya ma jin ko ɗaya, daga barcin sai lahira. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a kowace shekara Amurkawa fiye da 400 ke mutuwa da wannan guba ba ta hanyar gobara ba, fiye da 100,000 kuma ke garzayawa sashen gaggawa na asibitoci. Wannan fa a ƙasar da ke da doka da na'urorin gargaɗi ke nan.

Abin lura kuma, baƙi 'yan ƙasashen zafi suna cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari, domin ba su tashi a rufaffen gida ba. A watan Disambar 2024, a wurin shaƙatawa na Gudauri da ke ƙasar Jojiya, an tarar da gawarwakin mutum 12 a ɗakunan kwanansu da ke saman wani gidan abinci, 11 daga cikinsu 'yan Indiya ne da suka je ci-rani. Wuta ce ta ɗauke, aka kunna janareta a cikin gini. Duk mai ɗa ko ƙane a Ingila ko Kanada ko Amurka ko gabashin Turai, ya kamata wannan labari ya hana shi runtsawa har sai ya ɗaga waya ya tambaya: akwai na'urar gargaɗi a ɗakinka? Yaushe aka duba tanderun gidan da kake haya?

Ita ma Birtaniya ba da lalama ta koyi darasin ba. Da asubahin ranar 16 ga Mayu, 1968, wata mata da ke hawa na 18 a wani dogon bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point a gabashin Landan ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Gas ya fashe, kusurwar benen ta rufto, mutum 4 suka mutu nan take, 17 suka jikkata. Bincike ya gano cewa wani ɗan noti marar inganci a mahaɗar murhunta shi ne ya ba gas hanya, baya ga raunin ginin kansa. Shekara biyu bayan haka, a 1970, aka kafa ƙungiyar rajistar masu haɗa gas mai suna CORGI. A 1991 rajistar ta zama tilas, a 2009 kuma aka maye gurbinta da Gas Safe Register. A ƙarƙashin dokar 1998, laifi ne mutum ya yi sana'ar aikin gas ba ya cikin rajista, kuma akan ɗaure mutane a kan haka. Kowane ma'aikaci yana da kati mai hotonsa da lambarsa, a bayan katin kuma an jera irin ayyukan da aka yarda ya taɓa, domin wanda ya ƙware a murhun girki ba lallai ne ya san tanderu ba. Mai gidan haya kuwa dole ne ya sa a duba kayan gas na gidansa duk wata 12, ya miƙa wa ɗan haya takardar shaida.

Na san abin da wasu za su ce, domin ni ma na faɗe shi da bakina. Za a ce masu lasisi suna da tsada. Gaskiya ne, amma ya kamata mu san abin da muke saye da kuɗin. Muna sayen lissafin girman tanderun da ya dace da gidan, da gwajin bututu da matsin iska kafin a saki gas, da auna hayaƙi bayan an kunna, da inshorar da za ta biya idan an yi ɓarna, da kuma suna da adireshin wanda za a kama. Wanda ya rage maka kashi biyu bisa uku na kuɗi, waɗannan abubuwan ya cire, bai gaya maka ba ne kawai.

Za a ce kuma, ai akwai masu basira da yawa da ba su da takarda, kuma akwai masu takarda da ba su iya komai ba. Wannan ma ban musa ba. Sai dai magidanci ba shi da hanyar bambance gwani da ɗan koyo a aikin da aibunsa ba ya ganuwa. Amfanin rajista da jami'in dubawa shi ne a samu ido na biyu da ba shi da riba a cikin cinikin. Idan mai basira ne da gaske, jarrabawa ba za ta gagare shi ba. Wanda duk ya ce maka sharaɗin aikinsa shi ne kada hukuma ta gani, to ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Sai kuma waccan kalma da na fake da ita, wato "Allah na nan". Haƙiƙa Allah na nan, kuma babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah (SAW) kuma ya yi umarni da a riƙa kashe wuta kafin a kwanta barci. Addinin da ya kula da fitilar ɗaki ba zai yarda da gangancin da na yi ba. Sakaci ne na yi, na lulluɓe shi da rigar imani.

Mai karatu zai iya cewa, to mu da ke Kano da Sakkwato da Maiduguri ina ruwanmu da tanderun ɗumama gida? Amsa ita ce, tanderun ne ba mu da shi, amma maƙiyan nan biyu sun daɗe da tarewa a gidajenmu. Kowane hunturu sai mun ji labarin iyalin da suka shiga da kaskon gawayi ɗaki, suka toshe ƙofa da taga, aka wayi gari babu mai motsi. Sau nawa muka ji an ɓalle ƙofa an tarar da ango da amarya, ko mutum da 'ya'yansa, janareta na ruri a baranda ko a cikin shago? Sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko guba aka sa a abinci, a zargi kishiya ko maƙwabci, alhali kabon monoksaid ne. Ɓangaren fashewa kuwa, mutanen Kaduna ba su manta da ranar 4 ga Janairu, 2020 ba, lokacin da wani shagon sayar da gas ya tashi a Sabon Tasha, ya ci rayuka, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya a wancan lokaci.

Akwai kuma wani haɗari da mu 'yan boko muka fi kowa faɗawa cikinsa. Muna son kayan Turai na hannu: manyan murafu masu tanda, da na'urorin dafa ruwan wanka masu amfani da gas. Da yawansu an saita su ne don gas ɗin bututu, wanda ke tafiya da ƙaramin matsi ta ƙofa mai faɗi. Gas ɗin tukunya ya fi shi ƙarfi da matsi, don haka ƙofa 'yar siririya yake buƙata. Idan aka jona irin wannan na'ura da tukunya ba a sauya mata ƙofofin ba, sai ka ga harshen wuta dogo, rawaya, yana baƙanta gindin tukunyar miya. Uwargida ta yi ta ƙorafin wanke-wanke, ba ta san alamar guba ce ba. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, tsayayya. Mafi muni shi ne a kafa na'urar dafa ruwa mai gas a cikin banɗaki rufaffe babu bututun hayaƙi. Wa ke yi mana waɗannan ayyuka? Mai aikin famfo, ko mai walda, ko yaron shagon da ya sayar da tukunyar. Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin wanda ya zo haɗa gas a gidana ko gidan wani nawa ya nuna katin shaidar ƙwarewa ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Ga shi kuma gas ɗin ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa gas. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, domin dazuzzukanmu sun ƙare a murhu, idanun iyayenmu mata kuma sun sha hayaƙin itace ya ishe su. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Teksas ta jira sai da ta binne ɗalibanta, Landan ta jira sai da bene ya rufto. Mu da muka zo daga baya mun samu darasin kyauta, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka.

Don haka ina kira ga hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa alhakin kula da wannan ɓangare, da ta haɗa kai da majalisar COREN mai rajistar injiniyoyi da masu sana'ar hannu, a samar da rajistar masu haɗa gas a gidaje wadda kowane magidanci zai iya dubawa ta wayarsa. Hukumar NBTE da ke Kaduna da asusun ITF da ke Jos su tsara gajeren horo da jarrabawa, da Hausa ga wanda bai ji Turanci ba, a kan kuɗin da talaka zai iya biya, domin masu aikin famfo da walda da ke yin aikin a yanzu su shigo ciki maimakon a kore su. Ina kuma gargaɗin kada a mayar da katin hajar sayarwa a bayan ofis, domin lasisin da aka saya da cin hanci ya fi rashinsa haɗari. Hukumomin tsara birane na jihohinmu su sa wurin ajiye tukunya da hanyar iska a cikin sharuɗɗan amincewa da zanen gida. Likitocinmu kuma, idan mutum uku daga gida ɗaya suka zo da ciwon kai a lokaci guda, su tambayi abin da ake ƙonawa a gidan kafin su rubuta maganin zazzaɓi. Limamai su ma suna da rawar takawa a huɗubobin farkon hunturu.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. A ajiye tukunyar gas a tsaye, a waje ko inda iska ke ratsawa, nesa da wuta. A duba shekarar da aka ƙera ta, domin hukumar SON ta ƙayyade wa tukunya shekara 15. A sauya tiyo da zarar ya fara tsagewa ko ya bushe. A gwada yoyo da ruwan kumfar sabulu, ba da ashana ba. Idan aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi, a fita. Kada gawayi ya kwana a ɗaki, kada janareta ya yi aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya da mutane ko kusa da taga. A sayi na'urar gargaɗin kabon monoksaid, wadda kuɗinta bai kai na shaddar sallah ba, a kuma tuna ita ma tana tsufa, akwai ranar daina aikinta a rubuce a bayanta. Waɗanda ke ƙasashen sanyi kuwa, kada su bari kowa ya taɓa tanderu sai mai lasisi, da takardar izini, da jami'in dubawa, sannan a riƙa duba shi kowace shekara kafin sanyi ya shigo, a kuma share dusar ƙanƙara daga bakin bututun hayaƙi.

Ranar da zan baro Minesota, 'yar ƙanen nawa ta riƙe mini hannu a filin jirgi ta ce, "Baffa, kai ma ka sayi abin ƙarar nan ka kai gida." Guda huɗu na saya. Ɗaya tana gidana, ɗaya a ɗakin mahaifiyarmu, wadda har yau sai an yi da gaske ake raba ta da kaskonta cikin hunturu. Duk sa'ad da na ɗaga kai na ga ɗan koren hasken na'urar yana ƙyaftawa a bango, nakan tuna cewa saura ƙiris in zare batirin 'yar'uwarta da hannuna.

Allah Ya kare mu da iyalanmu daga sharrin abin da muke gani da wanda ba mu gani, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin rigakafi tun kafin a kai ga zaman makoki, amin.